Wa Zai Iya Tuƙa Jirgi? Yadda Ake Auna Mutum Tun Ƙafarsa Tana Ƙasa

Tun da kamfanin Rano Air na Alhaji Auwalu Abdullahi Rano ya fara jigilar fasinja a shekarar 2023 da jiragensa ƙirar Embraer 145, sunan garin nan ya hau sararin samaniya, burin yara da dama kuma ya bi shi. A da idan ka tambayi ɗan sakandare a Rano ko Rurum, ko can wajenmu Kibiya da Tarai, me yake so ya zama, amsar ba ta wuce likita, lauya ko soja. Yanzu ba za ka rasa mai ce maka matuƙin jirgin sama ba. Mu ma nan makaranta akwai waɗanda jikinsu ne kawai yake ajin difloma, zuciyarsu tana Zariya.

Buri ne mai kyau, sai dai yana da tsada. Kuɗin koyon tuƙin jirgi miliyoyin naira ne masu yawa, irin kuɗin da a gidajenmu ba a haɗa shi sai an sayar da gona ko an kaɗa shanu kasuwa. Kuma ba duk wanda ya shiga ne yake fitowa da lasisi ba. Akwai wanda zai yi wata shida yana cin jarrabawar aji da maki mai kyau, ranar da aka ɗora shi a jirgi malami ya gane cewa hannunsa da ƙafarsa da idonsa ba sa jituwa, a yi ta ƙara masa awoyi, kowace awa da kuɗinta, daga ƙarshe a ce ya haƙura. Gona ta tafi, lasisi bai zo ba. Wannan ya sa tun fiye da shekara ɗari da suka wuce masana halayyar ɗan Adam suke fama da tambaya guda: shin za a iya gane wanda zai kai labari tun kafin a kashe masa kwabo?

Kafin in shiga bayani, bari in kawar da wata fahimta. Mu nan Kano da an ce za a yi wa mutum gwajin ƙwaƙwalwa, hankali sai ya tafi Dawanau. Ba wannan ake nufi ba. Ba duba ba ne kuma, ba wanda ya ce ya san gaibu. Abin ya fi kama da hasashen damina da hukumar NiMet take fitarwa duk shekara: an tara bayanan shekaru, an ga abin da ya saba biyo bayan wani abu, sai a ce akwai yiwuwar kaza. Manomi mai hankali yana saurara, amma ya san ruwa na Allah ne. Bahaushe ma ai ya riga su, shi da ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Aikin masanan shi ne su gano waɗanne alamomin Laraba ne na gaskiya, waɗanne ne na bogi.

Daga harbin bindiga zuwa tsani mai hawa tara

Abin ya samo asali ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, lokacin da ƙasashen Turai suka ga suna asarar samari da jirage tun a filin horo, ba a ma je fagen daga ba. A Italiya wani limamin coci kuma likita mai suna Agostino Gemelli ya riƙa auna saurin fahimta da natsuwar masu neman aikin. A Faransa kuwa, sai a zaunar da mutum a ɗaura masa na'urar auna numfashi da bugun zuciya da rawar hannu, yana zaune bai ankara ba a harba bindiga a bayansa, a ga yadda zai razana da tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya dawo hayyacinsa. Yau abin dariya ne, amma tunanin da ke ciki bai mutu ba: ba razanar ce matsala ba, kowa yana razana, saurin dawowa shi ne magana. Shekara bakwai bayan ƙare wannan yaƙi, a ranar 1 ga Nuwamba 1925, jiragen sojan Ingila guda uku suka sauka a Kano daga Masar, su ne jirage na farko da suka taɓa ƙasar Najeriya.

Babban aikin dai an yi shi ne a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A 1941 rundunar sojan samansu ta ɗauko wani masani mai suna John Flanagan ta ba shi jagorancin shirin tantance matuƙa. Shi da mutanensa suka haɗa jarrabawa iri biyu. Akwai ta takarda: lissafi, karanta agogunan jirgi da jadawali, fahimtar yadda inji yake aiki, gane wuri a taswira daga hoton da aka ɗauka ta sama. Akwai kuma ta na'ura. Wadda ta fi shahara a cikinsu, za a zaunar da kai gaban allo mai layukan fitilu ja da kore, sanda a hannunka, feda biyu a ƙafafunka. Jajayen fitilu su kama a wurare uku, kai kuma ka motsa sanda da feda har korayen su daidaita da su. Da sun daidaita sai wani tsarin ya fito. Makinka shi ne yawan tsarin da ka kammala cikin 'yan mintuna.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon tela mai keken ƙafa ya ga irin wannan baiwar. Ƙafa tana taka feda, hannun hagu yana jan yadi, na dama yana gyara shi, ido yana kan allura, baki kuma yana ciniki da mai kaya. Wani yaron shago cikin sati biyu ya kama, wani sai ya shekara yana karya allura. Wannan bambancin ne na'urar take son ta kamo cikin minti goma maimakon shekara.

Sai su tattara makin duk jarrabawoyin, kowace da nauyinta, su mayar da shi lamba ɗaya tak daga 1 zuwa 9, kamar tsani mai hawa tara. Hawa na biyar shi ne tsakiya, nan kashi 20 cikin ɗari na mutane suke faɗawa. Hawa na tara kashi 4 ne kacal suke kai shi, haka ma hawa na ɗaya. Da aka bi sawun mutum 185,367 da suka shiga matakin farko na horo, sai aka tarar a cikin 'yan hawa na ɗaya an sallami kashi 77 cikin ɗari, a cikin 'yan hawa na tara kuwa kashi 4 kawai aka sallama. Tsakanin nan da can, duk hawan da ka ƙara, yawan waɗanda ake kora yana raguwa, babu inda ya karkace.

Abin da ya fi burge ni a aikin nan wani gwaji ne da suka yi a 1943, wanda sai a lokacin yaƙi za a iya yinsa. Matsalar duk wata jarrabawar tantancewa ita ce, wanda ya faɗi ba a ɗaukarsa, saboda haka ba a taɓa sanin ko da an ɗauke shi zai iya. Kamar JAMB ce: wanda bai kai maki ba yana gida, wa ya san irin digirin da zai fita da shi? To su sai suka ɗebi mutum sama da dubu, aka yi musu jarrabawar, aka rufe sakamakon, aka tura su horo gaba ɗaya, mai 9 da mai 1, malaman ba su san makin kowa ba. Waɗanda suka kammala ba su kai rubu'i ba, kuma da aka buɗe takardun sai aka ga yawancinsu daga saman tsanin suke, 'yan can ƙasa kusan ba wanda ya kai. Wannan ne ya rufe bakin masu cewa ai duk surkulle ne.

Me ake aunawa yanzu?

Amurkawa sun ajiye na'urorin nan a 1955 saboda wahalar gyara da saiti, suka koma takarda zalla, sai da kwamfuta ta yi araha sannan gwajin hannu da ƙafa ya dawo. Yau kusan ko'ina a gaban kwamfuta ake yi, da sandar wasa da feda da abin sauraro a kunne. Kamfanin Lufthansa na Jamus ya daɗe yana tura masu neman aikinsa cibiyar DLR da ke Hambug. Rundunar sojan saman Indiya tana da nata, kuma nasu da tsauri: sau ɗaya ake yinsa a rayuwa, ka faɗi shi ke nan, babu sai baɗi.

Abubuwan da ake nema ba su canja sosai ba. Ana duba lissafin ka, ba na kalkuleta ba: jirgi yana cin lita kaza a awa, saura lita kaza, filin sauka yana da nisan kaza, za ka kai? Ana duba iya juya abu a zuci, wato a nuna maka agogo biyu ka faɗi ina jirgin ya dosa, ya karkata dama ne ko hagu, hancinsa sama ko ƙasa. Ana duba riƙe abu a ka na ɗan lokaci, domin ma'aikacin hasumiya zai zubo maka lambobi a jere, tsayin da za ka hau, alkiblar da za ka bi, tashar rediyon da za ka koma, kuma dole ka maimaita masa daidai alhali hannunka yana kan wani aikin. Sannan uwa uba, raba hankali.

A kan wannan na ƙarshen akwai wani gwaji mai ban sha'awa da Daniel Gopher da Daniel Kahneman suka wallafa a 1971, bayan sun gwada shi a kan matuƙan sojan Isra'ila. Kahneman ɗin nan shi ne wanda daga baya ya ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002. Za a sa maka abin sauraro, kunnen dama yana jin wasu kalmomi da lambobi, na hagu yana jin wasu daban, a lokaci guda. A ce ka bi na dama ka faɗi lambobin da ka ji. Can sai a buga wata ƙara mai nuna kunnen da za ka koma. Abin da suka gano shi ne, kurakuran da mutum yake yi daidai lokacin sauya kunnen su ne suka fi nuna yadda zai yi a tuƙi. Wato ba mai da hankali kaɗai ake so ba, har da iya cire shi daga wuri a mayar wani wurin nan take. Ni da na karanta wannan, mai shayin bakin tasha na tuna: mutum shida suna ba shi oda a tare, wannan ba sukari, wancan ƙwai biyu, ga canjin wani, kuma ba ya haɗa na wani da na wani.

Gaskiyar lissafin

Yanzu ga inda ya kamata mu buɗe ido, musamman 'yan uwa masu darasin ƙididdiga. Ƙarfin jarrabawa wajen hasashe ana auna shi da lamba tsakanin 0 da 1. Sifiri na nufin jarrabawar da jefa kwabo duk ɗaya. Ɗaya na nufin ba ta taɓa kuskure. A 1994 David Hunter da Eugene Burke sun tattara bincike 68 da aka yi a kan zaɓen matuƙa, a 1996 kuma wata masaniya 'yar Norwe, Monica Martinussen, ta tattara guda 50. Sakamakonsu ya yi kusa da juna. Gwaje-gwajen da suka fi ƙarfi, irin su ɗora mutum a kan na'urar kwaikwayon jirgi a koya masa abu a ga saurin kamawarsa, ko haɗakar jarrabawoyi da yawa, suna tsayawa ne wajen 0.3. Tambayoyin hali da ɗabi'a kuwa wajen 0.1 suke.

Wani zai ce, 0.3? Ashe ma duk hayaniyar banza ce. A'a, tsaya mu yi lissafi. Tun 1939 wasu masana biyu, Taylor da Russell, suka fitar da jadawalin da ke fassara irin wannan lamba zuwa kawunan mutane. Mu ɗauki misali, ba labarin wata makaranta ba ne, misali ne kawai. A ce gwamnati za ta ɗauki nauyin mutum 100, matasa 1,000 suka nema, kuma a cikin dubun nan rabi ne za su iya kammalawa da za a ba kowa dama. Idan aka yi ƙuri'a, ko aka raba gurabe ta hanyar wa ka sani, mutum 50 ne za su fito da lasisi, kuɗin 50 ya bi ruwa. Idan aka yi amfani da jarrabawa mai ƙarfin 0.3 aka ɗebi ɗari na sama, wajen 71 ne za su kammala. Ƙarin matuƙa 21 ke nan da kuɗi iri ɗaya. Ka ninka kuɗin horon mutum guda sau 21 ka ga ko hayaniyar banza ce.

To amma juya lissafin ta ɗaya gefen. Mutum 500 ne za su iya tun farko, an ɗauki 71 daga cikinsu. Saura 429 suna cikin waɗanda aka ce su koma gida, kuma da an ba su dama da sun tuƙa jirgi lafiya lau. A cikin ɗarin da aka ɗauka kuma, 29 ba za su kai ba duk da sun ci jarrabawar. A nan ne nake ganin mutane suke ruɗewa. Jarrabawar alheri ce babba ga mai biyan kuɗin mutum ɗari, amma hukunci ne mai rauni a kan mutum ɗaya. Wanda aka ce bai ci ba, abin da aka gaya masa a zahiri shi ne akwai waɗanda suka fi shi alamun nasara a wannan rana, ba wai an tabbatar ba zai iya ba.

Me ya sa tambayoyin hali suka zo ƙarshe? Dalili na farko a fili yake. Idan takarda ta tambaye ka, kana saurin fushi? kai kuma kana neman gurbin da gidanku suka ɗora wa rai, me za ka ce? Ko wanda bai yi niyyar ƙarya ba, gwano ba ya jin warin jikinsa. Su kansu ƙwararrun an taɓa gwada su. A wani bincike da Holtzman da Sells suka wallafa a 1954, an ba masana halayya 19 takardun gwajin ɗabi'a na ɗaliban tuƙi, ciki har da gwajin nan da ake nuna wa mutum ɗigon tawada a ce ya faɗi abin da ya gani, aka ce su ware waɗanda suka kammala da waɗanda aka sallama. Ba su fi mai canki-canka ba. Shi ya sa duk wanda ya ce min yana kallon idon yaro ya san zai yi tuƙi ko ba zai yi ba, sai in yi shiru kawai.

Wannan ba ya nufin hali ba shi da muhimmanci. Nufinsa shi ne takarda ba ta iya kamo shi da kyau, kuma cin jarrabawar makaranta daban, zama matuƙi nagari na shekara talatin daban. A ranar 27 ga Maris 1977 jirage biyu ƙirar Boeing 747 suka yi karo a kan titin jirgi a tsibirin Tenerife, mutum 583 suka mutu, haɗari mafi muni a tarihin sufurin sama. Kyaftin ɗin jirgin KLM babban malami ne a kamfaninsu, ya fara gudun tashi ba tare da cikakken izini ba, na ƙasa da shi sun nuna shakka amma ba su tsaya kai da fata ba. Daga irin wannan ne kamfanoni suka fara koyar da aiki tare a cikin ɗakin tuƙi, suka kuma shigar da shi cikin tantancewa: a haɗa masu nema huɗu ko biyar a ba su matsala su warware, masu lura suna gefe suna rubuta wa yake saurara, wa yake danne kowa, wa ya ga kuskure ya yi shiru. Mu da aka rena da cewa ba a musu da babba, nan wurin sai mun yi da gaske. Ladabi abu ne mai kyau, amma mataimakin matuƙin da ya ga kyaftin zai shiga dutse ya ce bari in bari ya gama magana, ladabinsa ya kashe mutane. Ana iya cewa ranka ya daɗe, mun yi ƙasa da yawa, a ɗaga murya, kuma ba a yi rashin kunya ba.

Lafiyar ƙwaƙwalwa kuma wani babi ne na daban. A ranar 24 ga Maris 2015 mataimakin matuƙin jirgin Germanwings ya kulle ƙofa ya kai jirgin cikin tsaunukan Faransa da gangan, mutum 150 suka rasu. Ya ci duk jarrabawar baiwa da ake yi, amma yana fama da ciwon damuwa mai tsanani, ya kuma ɓoye wa kamfaninsa takardun likita. Bayan haka, a 2018, Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanoni su yi wa matuƙi tantancewar halayya kafin ya fara aiki, su kuma samar da hanyar da mai damuwa zai nemi taimako ba tare da tsoron kora nan take ba. Wannan na biyun a ganina ya fi na farkon amfani, don cuta tana iya zuwa shekara goma bayan an ci jarrabawa.

Mu nan gida fa?

Shekarar 1964 ta haifar mana da abubuwa uku a tare: rundunar sojan sama, da makarantar NDA ta Kaduna, da kwalejin koyon tuƙin jirage ta Zariya wadda yanzu ake kira NCAT, can Palladan a kan hanyar Samaru, wadda aka kafa da taimakon hukumar sufurin sama ta duniya, ICAO. Daga cikin waɗanda ta yaye akwai Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, wadda daga baya ta dawo ta shugabanci kwalejin. Wannan na faɗa ne saboda 'yan uwa mata da suke ganin zancen ba nasu ba ne. Akwai wata kwalejin a Ilori. Ta ɓangaren soja, ana fara koyon tashi a makaranta ta 401 da ke Kaduna, masu zuwa jiragen yaƙi kuma su wuce ta 403 a Kano, masu jiragen L-39 ɗin nan da suke tsaga sararin birni da ƙara. Duk inda ka nufa cikin waɗannan, sai ka bi ta jarrabawa da ganawa da binciken likita kafin ka taɓa jirgi.

Jihar Kano kuma ta taɓa yin irin misalin da na kawo a sama da gaske. A zangon mulkinsa na biyu, 2011 zuwa 2015, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Darasin da ya fito daga baya ba na jarrabawa ba ne. Da yawansu sun dawo da lasisi suka tarar kamfani ba ya ɗaukar mutum sai yana da shaidar ƙwarewa a kan takamaiman nau'in jirgin da kamfanin yake da shi, wadda ita ma wani kwas ne mai cin miliyoyi. Lasisin kasuwanci ana samunsa da awa 200 na tashi, ko ƙasa da haka kaɗan a wasu tsare-tsaren, amma babban lasisin da ake zama kyaftin da shi sai an tara awa 1,500. Babu gwajin halayyar da zai hango maka wannan ramin. Duk mai shirin sayar da gona ya sa shi a lissafi.

Akwai kuma tambayar adalci, wadda ta fi damuna a matsayina na ɗan ƙauye. Jarrabawar da aka gina a kan yaran Jamus ko Amurka tana ɗauke da rayuwarsu a ciki. Ta zamanin Flanagan har tambayoyi take yi a kan motoci da wasanni, don a lokacin yaron da ya san cikin mota ya fi saurin kama jirgi. Yau kuma sandar wasa ce. Ka ɗauki yaron da ya tashi a Nasarawa GRA da PlayStation a ɗakinsa, ka haɗa shi da yaron Fammar da bai taɓa riƙe irin wannan sanda ba, wanda kwamfutar farko da ya zauna a gabanta ita ce ta JAMB. A minti goman farko na birni zai yi masa fintinkau. Shin baiwa aka auna ko sabo? Alhali na ƙauyen yana iya ɗauko buhu uku na masara a kan babur ya ratsa yashi da kwazazzabo bai sa ƙafa a ƙasa ba. Haka batun harshe: tambayar lissafi da aka rubuta da Turanci mai kauri, rabinta jarrabawar Turanci ce.

Tarihi ya nuna inda irin wannan yake kaiwa idan ba a kula ba. A 1925 kwalejin yaƙi ta sojan Amurka ta fitar da rahoto mai cewa baƙar fata ba shi da ƙwaƙwalwa da zuciyar da za a ba shi babban aikin soja. Da aka buɗe musu horo a Tuskegee a 1941, matuƙa kusan dubu suka fito daga wurin, suka yi yaƙi a Turai suka yi suna.

Sai dai kada mu fake da wannan. Turanci a sama ba ƙawa ba ne, da shi ake magana da hasumiya, kuma tun 2008 ICAO ta sa sharaɗin sai matuƙin da ke ƙetare iyaka ya kai mataki na 4 cikin 6 na iya shi. Maganin matsalar sabo kuma an san shi. Cibiyar DLR da kanta take ba masu nema manhajar atisaye tun kafin ranar jarrabawa, don kowa ya yi ta yi har hannunsa ya faɗa, ta yadda abin da zai rage tsakanin mutane ya zama na baiwa ne, ba na wa ya taɓa gani ba. Duk wata gwamnati ko attajirin da zai ɗauki nauyin yaranmu, abin da zan roƙa shi ne a ba su sati biyu a ɗakin kwamfuta da sanda da feda kafin a auna su, kuma a duba yadda makin yaro yake hawa daga rana ta farko zuwa ta goma, ba inda ya fara kaɗai ba. Ai makaranta saurin koyo take saye.

Ga wanda abin yake ransa da gaske, ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka biya kowa ko sisi, fara da likita. Lasisin kasuwanci yana buƙatar shaidar lafiya mai daraja ta ɗaya daga likitan da hukumar NCAA ta amince da shi, kuma akwai abin da yake kayar da mutane wanda ba su ma san suna da shi ba, wato rashin bambance ja da kore. Gado ne, ya fi yawa a maza nesa ba kusa ba, kuma mutum yana iya kai shekara ashirin bai sani ba. Ana gano shi cikin minti biyar da wani ɗan littafi mai ɗige-ɗigen launi da lambobi a ɓoye, wanda wani likitan Japan mai suna Ishihara ya fitar a 1917, kuma asibitocin ido suna da shi. Gilashi kuwa ba lallai ya hana ka ba, in dai yana gyara ganin zuwa yadda ake so. Bayan likita sai kiredit ɗinka na Turanci da Lissafi da Fizis, sai ka ajiye kalkuleta ka koma yin lissafi da ka, kana tafe kana ninka lambobin motocin da suke wucewa. Kuma Zariya ba matuƙa kaɗai take yayewa ba: akwai injiniyoyin gyaran jirgi, da masu kula da na'urorin sadarwa, da ma'aikatan hasumiya, waɗanda su ma a ƙasashe da yawa sai sun bi ta irin wannan gwaji na raba hankali da juya abu a zuci. Mai diflomar lantarki ko kanikanci ya fi kusa da waɗannan ƙofofin fiye da yadda yake zato.

'Yan kwamfuta da 'yan ƙididdiga masu neman batun furojet kuma, ga shi a ɓagas. Gwajin kunne biyu na Gopher da Kahneman ba ya buƙatar komai sai laftof da abin sauraro da ɗan shiri na Python. A naɗi lambobin da Hausa, a naɗe su da Turanci, a gwada ɗalibai sittin ko tamanin a nan harabar Rano, kowa ya yi duka biyun, rabi su fara da Hausa rabi su fara da Turanci don kada sabo ya ɓata lissafin. Sannan a rubuta wa ya taɓa wasan kwamfuta, wa yake tuƙa babur, wa yake ɗinki, a ga wanne ne yake tafiya tare da makin.